Gado da Tazararsa daga Ƙasa: Tarihin Makwanci da Masu Yin Sa a Suleja

Kalmar gado, wadda a rubutun boko take kama da gadon da magada suke rabawa amma a baki ta bambanta da shi domin wasalinta na farko gajere ne, tana nufin duk makwancin da aka ɗaga daga daɓen ɗaki, ko da ɗagawar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, wato awon da ake yi da buɗaɗɗun yatsun hannu ɗaya. Wannan tazara ce ta raba gado da tabarma da buzu da sauran shimfiɗu, kuma wanda ya bi yadda take ƙaruwa da raguwa a gari ɗaya zai ga cewa kowane zamani da dalilinsa na ɗaga makwanci, kuma kowane dalili da irin mai sana'ar da yake kira. Suleja ta dace da irin wannan bibiya fiye da garuruwa da yawa, saboda a cikin shekaru ƙasa da 200 ta tashi daga birnin ganuwa na masu gudun hijira zuwa garin 'yan haya da ke kwana a cikinta su wayi gari a ofisoshin babban birnin tarayya.

Asalin garin sananne ne. Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba a ƙasar Koro, ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1825 a wajen Lapai. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya gaje shi, ya kafa garin da ya ɗauki sunansa, Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828, aka fara ganuwa shekara guda bayan haka. Waɗannan Zagezagi sun sauka cikin Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara, a ƙasa mai duwatsu da kurmi, wadda daminarta ta fi ta Zariya tsawo da nauyi, tana farawa tun Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba. A irin wannan ƙasa daɓe yana riƙe laima watanni, gara da cinnaka da kunama suna yawo a kansa, sa'an nan idan hunturu ya shigo sanyin asuba yana ratsa tabarma, don haka buƙatar farko ta ɗaga makwanci buƙata ce ta jiki tsantsa.

Amsar da ta fi daɗewa ita ce gadon ƙasa, wato dakalin da ake ginawa da laka a jikin bangon ɗaki, a shafe samansa ya yi sumul, a shimfiɗa masa tabarma. Wani ana barin cikinsa da rami mai ƙofa a gefe, inda ake zuba garwashi ko a hura 'yar wuta da dare domin zafi ya ratsa lakar ya ɗumama mai kwanciya, kuma tsofaffi da masu jego ne suka fi amfana da shi, tun da al'adar jego ta ginu a kan gasa jiki da ruwan zafi da ɗumi. Wannan gado aikin magini ne, ko ma na masu gidan da kansu, ba ya motsi, kuma ransa ɗaya da na ɗakin, idan ɗaki ya faɗi ya faɗi tare da shi. Kusa da shi akwai gadon kara, wanda ake jera karan dawa a ɗaure da igiyar rama, mai araha da saurin lalacewa, wanda ake sabuntawa bayan girbi. Amma abin da ƙasar Abuja ta fi arewa da shi shi ne tukurwa, itacen da ke fitowa a bakin rafuka cikin kurmi, wanda ake kiran sandunan ganyensa gwangwala. Gwangwala doguwa ce, miƙaƙƙiya, marar nauyi, cikinta mai laushi ne har ana iya huda ta a soka tsinken itace a madadin ƙusa, kuma gadon da aka haɗa da ita mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa ya fitar da shi tsakar gida lokacin bazara ko ya shanya shi a rana idan kuɗin cizo ya shige shi. A gadon gwangwala ana samun ƙafafu da sanduna da haɗi, wato ainihin sassan da gadon katako ya zo ya maimaita.

Duk waɗannan gadaje gajeru ne, da wuya su wuce gwiwa. Wannan kuwa bai nuna cewa mutanen ba su san yadda ake ɗora nauyi a sama ba, domin rumbun hatsi ana ɗora shi kan duwatsu da gungume saboda gara da laima, masu tsaron gona suna kafa rumfa mai tsawo a kan itatuwa masu gwafa su hau su kori tsuntsu da biri, mata kuma suna rataye ƙore da tukwane a ragaya, wato igiyar da aka saƙa ta riƙe ƙwarya daga rufin ɗaki. Sanin yana nan, dalilin kai makwanci sama ne babu. Gidan gargajiya yana da fili, idan iyali ya ƙaru sai a ƙara ɗaki, kuma sama a ɗakin ciyawa wurin hayaƙi ne da kunkunniya.

Akwai kuma wani shinge na sana'a. Mai aikin itace a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa shi ne masassaƙi, kuma sassaƙa aiki ne na ragewa, inda ake sare gungume ɗaya da gatari a rarake shi da gizago, wato ƙaramin gatari mai kwantaccen baki, har turmi ko akushi ko kujerar mata ko ƙotar fartanya ko allo ya fito daga cikinsa. Masassaƙi ya san itatuwa sarai, ya san ƙirya ba ta jin gara, ya san maɗaci da kawo suna da ƙarfi, ya san maje yana da sauƙin sara, amma fitar da falle-fallen katako masu kauri ɗaya da gizago aiki ne mai cin rai da ɓarnar itace, shi ya sa ƙyauren katako ya kasance abin gidajen manya. Karaga, wato gadon zama na sarki, da kalmar gadon sarauta kanta, suna nuna cewa ɗagaggen mazauni alama ce ta mulki tun da can. Kafinta kuwa aikinsa na haɗawa ne, yana karɓar katakon da zarto ya riga ya tsaga, ya auna, ya yanke, ya haɗa da ƙusa da gam, kuma sunansa ma aro ne daga Turanci tare da tebur da benci da kabad. Bambancin masassaƙi da kafinta ya fi bambancin kayan aiki zurfi, domin na farko yawanci gadon gida ne da ɗa yake tasowa ya tarar, na biyu kuwa koyo ne da kowa zai iya shiga.

Abuja ta daɗe a rufe, ciniki da Bida da Zariya bai buɗe ba sai zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, Turawan Ingila kuma sun shigo a 1902. Da mulkinsu ne buƙatar kafinta ta taso a Arewa, saboda ofis yana son tebur, makaranta tana son benci, gidan kwano yana son katakon rufi. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu da ake koyar da kafinta a ciki, ma'aikatun ayyuka na En'e suka riƙa horar da nasu, sa'an nan masu sana'a daga kudu suka biyo hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da zartunansu. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin katako na Sapele ya fara fitar da filawud, wato siraran fallayen itace da aka manne da juna suka zama faffaɗan allo mai ƙafa 4 a ƙafa 8. Yana da kyau a lura a nan cewa a Abuja yumɓu ne ya sami gata, ba itace ba. A zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, sunanta ya zaga duniya har hotonta ya hau takardar naira 20. Kafintocin garin ba su sami cibiya irin wannan ko marubuci ba, aikinsu ya bazu ne daga rumfa zuwa rumfa ta hannun maigida da yaronsa.

Kafin gadon katako ya kafu sosai, gadon ƙarfe ya riga shi shiga ɗakin amarya, kuma a nan ne tsawon gado ya sami ma'ana ta biyu. A al'adar auren Hausawa iyayen amarya ne suke yin kayan ɗaki, gado kuwa shi ne uwar kayan, a kansa idon 'yan ganin ɗaki yake fara sauka ranar jere. Gado mai rumfa, wato gadon ƙarfe mai ginshiƙai huɗu da suka tashi sama suka riƙe rufi na yadi ko gidan sauro, ya zama ma'aunin arzikin gidan da amarya ta fito. Sunan kamfanin Vono ya zama sunan gadon ƙarfe mai waya a bakin jama'a, kamfanin da ya zama Mouka ya faro a Kano a 1959 da ƙera kayan ɗaki da gadajen ƙarfe, Vitafoam kuma ta kafu a 1962, katifar soso ta fara ture katifar ciyawa da ta audugar rimi. Mata suka riƙa ɗora katifa kan katifa, su jera matasan kai har su kusa taɓa rumfar, wasu kuma su sa bulo ko gungume a ƙarƙashin ƙafafun gadon ya ƙara tashi, domin a sami wurin tura akwati da kwalla, wato manyan kwanonin tasa masu murfi da fenti da mace take tarawa a matsayin ado da ajiyar dukiya. Irin wannan gado sau da yawa ba don kwanan kullum aka yi shi ba, mai shi tana iya kwana a tabarma a gabansa ta bar shi a gyare. Duk da haka a cikinsa ne tunanin amfani da ƙarƙashin gado a matsayin ma'aji ya zauna daram a ɗakin Bahaushiya, kuma wannan tunani shi ne rabin abin da dogon gado na yau, mai makwanci a can sama, ya ginu a kai.

Ɗaya rabin ya zo ta makarantun kwana da bariki. Gado mai bene, wanda wasu suke kira mai hawa biyu, makwanci biyu ne ɗaya bisa ɗaya, kuma hukuma ce ta kawo shi domin ta kwantar da mutum 40 a ɗakin mutum 20. Duk wanda ya yi makarantar kwana, irin makarantar tarayya ta yara masu hazaƙa da ke Suleja, ko ya yi zaman sansanin hidimar ƙasa da aka fara a 1973, ya san ƙa'idojinsa da ba a rubuta ba, yadda babba yake zaɓar ƙasa ya tura ƙarami sama, da yadda motsin na sama yake hana na ƙasa barci. Wannan asali ya bar wa gadon tabo, domin an daɗe ana ganinsa abin ɗalibi da kurtu, wanda bai dace da ɗakin magidanci ba, kuma da wuya a ga uban da zai kai wa 'yarsa shi a kayan aure.

Abin da ya sauya lissafin shi ne dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ta kafa sabon babban birnin tarayya, ranar da aka ƙirƙiri Jihar Neja ita ma. Masarautar Abuja ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da sunanta ga sabon birnin, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu. Hukumar raya birnin ta fara zama a nan kafin a gina mata mazauni, ma'aikata da 'yan kwangila da leburori suka cika garin, sa'an nan bayan gwamnati ta tare a sabon birnin a ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya a can ta riƙa turo ƙananan ma'aikata zuwa Suleja da Madalla da Zuba. Rushe-rushen unguwannin da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo wasu, ƙidayar 2006 kuma ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum sama da 200,000. Gidajen da a da ake ƙara musu ɗaki don ɗa ya yi aure sai aka riƙa yanka su ɗaki ɗai-ɗai ko ciki da falo don haya. Magidanci mai 'ya'ya biyar a ciki da falo yana fuskantar matsalar da kakansa bai sani ba, kuma addini ya ƙara mata nauyi, tun da hadisi ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Wanda ba shi da filin ƙara ɗaki, abin da ya rage masa shi ne tazarar da ke tsakanin kansa da silin.

Dogon gado, wato wanda aka ɗaga makwancinsa sama aka bar ƙarƙashinsa fili don tebur ko keken ɗinki ko buhunan abinci ko shimfiɗar wani yaro, har yanzu bai kai gado mai bene yawa a gidaje ba, ko da yake 'yan kasuwa sun daɗe da saninsa ta wata siga, domin shaguna da yawa suna da ɗan bene na katako da ake ajiye kaya a kai, wani lokaci yaron shago ya kwana a can. Aikinsa yana da lissafin da gajeren gado ba ya buƙata. Kafinta yana farawa daga katifa, tun da a ƙasar nan da ƙafa ake auna ta, ta ɗalibai ƙafa 6 a ƙafa 2 da rabi ko 3, ta manya ƙafa 6 a 4 da rabi ko 6 a 6, sa'an nan ya auna tsawon ɗaki, wanda yawanci yake tsakanin ƙafa 9 da 10. Idan aka kai makwancin ƙafa 5 da rabi aka ɗora katifa, abin da ya rage sama da ƙyar yake isar mutum ya zauna, kuma a cikin wannan 'yar tazara ce fankar silin take juyawa, don haka dole gadon ya nisanci tsakiyar ɗaki ko a cire fankar a koma ta tsaye. Zafi ma sama yake taruwa, kuma a watan Maris da Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, wanda ya hau dogon gado zai gane dalilin da ya sa magabata suka bar sama wa hayaƙi. Wannan shi ne babban aibin gadon a wannan yanki, kuma babu dabarar kafinta da ta magance shi.

Katakon da ake sayowa a rumfunan garin ko a babbar kasuwar katako ta Dei-Dei yana zuwa da tsawon ƙafa 12, ana kiransa da kaurinsa a inci, tu-bai-tu da tu-bai-fo da tu-bai-siks, kuma galibi ɗanye ake sayar da shi. Katakon da aka haɗa yana ɗanye a watan Agusta zai bushe ya tsuke idan iskar hunturu ta kaɗa, ramin ƙusa ya buɗe, gado ya fara kuka da rawa. A gajeren gado wannan abin haushi ne kawai, amma a dogo haɗari ne, domin gwargwadon tsawon ƙafa gwargwadon ƙarfin da girgiza take yi wa mahaɗa. Shi ya sa ƙwararre yake amfani da noti, wato ƙusa mai zare da ake ratsa katako da ita a ɗaure ta baya, wadda ake iya ƙara matsewa duk shekara, kuma yake gicciya katako daga ƙasan ƙafa ɗaya zuwa saman ɗaya, ko ya manna allon filawud a baya, domin murabba'i yana karkacewa idan an tura shi amma kusurwa uku ba ta karkacewa. Noti yana da wata fa'ida ta ɗan haya, wato ana kwance gadon a fitar da shi ta ƙofa ranar tashi, ba kamar gadon ƙasa da yake mutuwa da ɗakinsa ba, kuma mai gida da wuya ya yarda a huda masa bango a ɗaure gado. Game da kariyar gefe, ƙa'idar da Amurka ta wajabta tun shekarar 2000 ta ce shingen ya ɗara saman katifa da inci 5, ratar da ke jikinsa kada ta wuce inci 3 da rabi don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale, kuma kada a kwantar da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a sama. A rumfar kafinta a Suleja, ido da hankalin maigida ne suke tsayawa a madadin wannan ƙa'ida.

Mafi yawan kuskure yana faruwa ne wajen sauya tsohon gado. Magidanci yakan so a ƙara wa gadon da yake da shi ƙafafu maimakon a yi sabo, kuma hanya mafi araha, wato a jona guntun katako a ƙarshen kowace ƙafa, ita ce mafi muni, domin majonar takan zama gwiwa da gadon zai durƙusa a kanta. Abin da ya dace shi ne a yi sababbin ginshiƙai huɗu da suka tashi daga ƙasa har saman shinge ba yankewa, a ɗaura tsohon firam a jikinsu, a sa masa matashi na katako a ƙarƙashi don nauyi ya zauna kan itace ba kan noti kaɗai ba, sa'an nan a kafa tsani a jiki maimakon a jingina shi.

A Turai da Amurka irin wannan aiki yakan zama abin da magidanci yake yi da hannunsa ranar hutu, saboda ladan ma'aikaci yana da tsada, katako busasshe ne mai awo ɗaya, kayan aiki na lantarki kuma suna gida. A Suleja lissafin a juye yake, domin kuɗin katako ya fi ladan kafinta nauyi, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma al'umma ta saba da cewa kowace sana'a da mai ita, har ana ganin wanda ya ɗauki zarto alhali ga kafinta a bakin layi kamar ya hana wani abincinsa. Rabon magidanci a aikin shi ne ya auna ɗakinsa, ya faɗi buƙatarsa, ya raka kafinta kasuwa don ya ga katakon da idonsa, ya tsaya a kan aikin ranar haɗawa. Itacen kansa kuwa yana ƙara wuya. Maɗaci da kawo masu girma sun yi ƙaranci a dazuzzukan da ke kusa, gawayi da gini sun cinye su, madobiya kuma an yi ta sararta ana kaiwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da wata yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Kafintoci sun koma ga malaina, itacen dashe mai saurin girma da sauƙin aiki, da allunan garin katako da ake shigowa da su, waɗanda suke da kyan gani a gadon amarya amma ba sa riƙe noti kuma suna kumbura da laima. Saboda haka iyaye da yawa masu neman gado mai bene ko dogon gado ga 'ya'yansu yanzu wajen mai walda suke zuwa, ya yanka bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya ƙona shi ya yi firam, a bar wa kafinta yankan filawud ɗin da katifa za ta zauna a kai.